Baƙo Ekis da Zauren Surukinsa

A Gwarzo in ka ce kana neman Baƙo, sai an tambaye ka wanne, don akwai mai facin taya, akwai kuma na layin mahauta. Amma in ka ce Baƙo Ekis, ba wanda zai tambaye ka komai. Mutum zai nuna maka hanya, sannan ya waiwaya ya dubi bangon gidansa.

Mutumin Unguwar Tudu ne, kuma tun a firamare ya samo sunan. Malaminsu yana da jan biro, kuma duk aikin da Baƙo ya kai masa sai ya ja masa layi biyu a gicciye. Da abin ya yi yawa, Baƙo ya ɗaga hannu ya tambayi sunan wannan zane. Malam ya ce, "Ekis ke nan. Harafi ne na Turanci, kuma ka fi kowa samunsa a ajin nan." Baƙo ya koma gida yana murna, ya shaida wa mahaifinsa cewa akwai wani harafi da malam ba ya ba kowa da yawa sai shi. Tsohon ya sa masa albarka, har ya saya masa rake. Sai da wani kawunsa ma'aikacin gona ya zo hutu ya duba littafin, sannan aka gane irin kyautar. Daga nan karatu ya ƙare, suna ya zauna.

Ya koyi fenti wurin wani mai rubuta allunan shaguna, daga baya aka ɗauke shi lebura a ofishin ayyuka. Ranar da aka miƙa masa bokitin jan fenti da burushi aka ce ya bi 'yan safiyo masu awon hanya, duk bangon da ya shigo hanya ya sa masa alama, ranar Baƙo ya gane ashe malamin nan sana'a ya koya masa.

Ba a taɓa ganin mutumin da yake girmama harafi kamarsa ba. A teburin mai shayi, in aka tsokane shi, sai ya ajiye kofi ya gyara zama.

"Ku ba ku san ekis ba," in ji shi. "Turawa da suka ƙirƙiro shi sun rasa kalmomin da za su fara da shi, sai suka sallame shi ya fita neman aiki. A makaranta shi ke ce maka ba ka ci ba. A lissafi shi ke riƙe wa abin da ba a sani ba wuri. A asibiti sunansa aka sa wa hoton ƙirji. Wanda bai iya sa hannu ba, shi yake zanawa. Amma babban muƙaminsa a bango ne. A bango magana ɗaya yake yi: tashi, ka ci hanya."

Kuma a kan wannan maganar ya tsaya har tsufansa. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, yana zaune a gida ya yi ritaya, wasu samarin unguwa suka zo da fentinsu suna roƙon ya sa wa ƙofar wani gidan giya da aka rufe alamarsa, don mutane su ji tsoro. Ya tambaye su, "Gidan ya ci hanya?" Suka ce a'a, mutane yake ci. Ya ce, "To Allah ya taimake ku, amma ku nemi wani harafin. Akwai ashirin da biyar suna zaman banza."

Sai dai labarin da aka fi ba shi a kansa ya girmi wannan. Zamanin ostariti ne, lokacin da sabulu da madara suka zama abin bin layi, kuma kowane ƙarshen wata sai an ji an sallami wasu daga aiki. A lokacin Baƙo yana da mata, Hajaratu, da 'ya'ya biyu, ba shi da gonar kirki, albashin nan ne kaɗai tukunyarsa.

Aka ce za a faɗaɗa hanyar da ta ratsa ta garin Masanawa. 'Yan safiyo suka kafa turakunsu, Baƙo ya hau kekensa ya bi su da bokiti. Ya sa wa rumfuna, ya sa wa katangu, ya sa wa wani shagon niƙa. Ya dawo ya ce aiki ya kammala.

Helmansu, wato shugaban leburori, Uwaisu, mutum ne mai raha amma ba ya manta abin da ya gani. Ya kira Baƙo gindin darbejiyar ofis.

"Jiya na bi ta Masanawa a babur. Aikinka ya yi kyau."

"Na gode, ranka ya daɗe."

"Sai dai akwai wani zaure da ya fito tsakiyar hanya kamar mai tsaida mota. Fari fat. Fenti ne ya ƙare?"

"Akwai fenti."

"To zauren wa ne?"

Baƙo ya dubi ƙasa, ya dubi darbejiya. Suruki ba a kama sunansa, ko da a bayan idonsa ne. Ya ce, "Na baban su Hajaratu ne."

Helma ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya gama ya share ido ya ce, "Wallahi na tausaya maka. Amma Injiniya zai zo dubawa ƙarshen wata. In ya ga bangon nan haka, ni zai tambaya, ni kuma kai zan nuna."

"Ranka ya daɗe, ko a ba wani ya shafa? Layi biyu ne kawai."

"Kai ne yau kake cewa layi biyu ne kawai? Baƙo, an ce in rage lebura. Abin da ya hana a taɓa ka, na ce ba mai iya aikinka. In na ba wani burushin nan ya iya, me zan ce kana yi a nan?"

A gida ma ba a yi masa sauƙi ba. Hajaratu tana tankaɗe ta saurare shi har ƙarshe, ba ta ɗago ba.

"Ka shafa," ta ce. "Ai aikinka ne. Ranar da ka shafa wa bangon Baba jan fenti, sai ka leƙa bayan bangon, a can za ka same ni da yaran."

"In ban shafa ba kuma me za mu ci?"

"Wannan kai ne maigida."

"Ko in lallaɓa bayan an watse..."

"Ka zama ɓarawo ke nan a ƙofar surukanka. Kuma wa zai ce aljani ne ya zana? Duk ƙasar nan wa ke da jan fenti?"

Ya ga dai ba makawa sai ya je ya nemi izini da bakinsa. Da sassafe ya kama hanya. Ya jingine keke can nesa, ya ɓoye bokiti a bayan taya, ya tuɓe takalma, ya tako ya durƙusa.

Malam Lawal, surukin nasa, dattijo ne siriri mai farin gemu, manomin rama da dawa. Yana zaune a kan buzu a waje, ya jingina bayansa da bangon zauren, daidai wurin da ya kamata alamar ta hau. Yana tufka igiya, ƙaramar rediyo a gefensa. Mutanen garin sun ce da ba a nan yake zama ba, a ciki yake zama. Tun ranar da aka kafa turaku ya fito.

"Barka da asuba, Baba."

"Barka kadai. An zo lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya mutanen gidan?"

"Suna gaisuwa."

"Ya manyan gobe? Ya mai tarin nan, ya samu sauƙi? Madalla. Ya mutanen Unguwar Tudu? Ya Liman? Ya ƙafarsa? Ya aikin gwamnati? Ya tsadar nan? Ya keken, yana tafiya dai?"

Duk Baƙo ya amsa, idonsa a ƙasa. Da gaisuwa ta ƙare, zai buɗe baki ke nan, sai Malam ya ja igiyarsa ya ce, "To, ina gajiya?" Aka koma farko.

Bai taɓa tambayar abin da ya kawo shi ba. Bai taɓa duban inda bokitin yake ba. Da aka kira azahar ya miƙe ya ce, "Ai sai mu je," Baƙo ya bi shi a baya zuwa masallaci, don ba yadda za a yi a ga suruki ya tafi salla kai kana zaune. In wata bukata ta shigar da Malam cikin gida, sai ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye ta a wata ƙusa a bangon, ya baza ta sosai kamar mai shanya. Baƙo ya zauna yana kallon rigar. Ya fi sauƙi ya ɗaga katafila da hannu ɗaya da ya taɓa rigar surukinsa.

Da rana aka fito da tuwo da miyar kuka da man shanu a kai. Malam ya tura masa kwano. Baƙo ya ce alhamdu lillahi, a ƙoshe yake, don ba a cin abinci a gaban suruki. Malam ya ce, "Madalla da mai ƙoshi," ya cinye nasa, ya jawo na Baƙo.

Haka aka yi washegari, haka aka yi wanshekare. Zancen ya bazu. Masu dawowa daga gona suka riƙa ratsewa ta nan. Mai rake ya matso da baronsa kusa. Wani tela ya fito da kekensa waje, wai ciki duhu. Ana gaishe da Baƙo da "sannu da aiki" da ƙarfi, shi kuwa gwiwoyinsa sun yi kanta, wuyansa ya fara tsawo saboda yunwa, ga ƙarshen wata yana matsowa. A ofis Helma ya daina dariya. A gida Hajaratu ta wanke akwatinta ta shanya a tsakar gida inda zai gani.

Ana saura kwana kaɗan kafin zuwan Injiniya, da hantsi, ana tsakiyar gaisuwa zagaye na biyu, sai aka ji ƙarar sanda daga cikin zaure, ƙwas, ƙwas. Hajjo ce, mahaifiyar Malam Lawal, kakar Hajaratu. Ta tsufa har ta rankwafa, amma muryarta tana kaiwa bakin kasuwa. Tsakaninta da Baƙo wasa ne, kamar yadda yake tsakanin kowace kaka da mijin jikarta: mijinta take ce masa, ba kuma abin da ba za su faɗa wa juna ba. Tsakaninta da Malam kuwa kunya ce, don shi ne ɗanta na fari. Ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye a gaban mutane, shi ma ba ya mayar mata.

Ta tsaya a bakin ƙofa ta kare ido da hannu.

"Wa nake gani kamar mijin nan nawa marar amfani? An ce min kullum kana nan a tsugune kamar kaza a kan ƙwai, ko ka shigo ka ba ni na goro. Ko wata ka gano a layin nan?"

Baƙo ya ji kamar an buɗe masa taga. Bai juya wajen Malam ba, ya ɗaga murya.

"Wa zai gano wata yana da ke, amarya? Ai haƙoranki biyun nan sun ishe ni."

"Uku ne, makaho. Me ya kawo ka?"

"Aiki aka aiko ni."

"Wane aiki ne ake yinsa da gwiwa?"

"Wani bango ne ya ci hanyar hukuma, aka ce in sa masa ekis."

"Me ye kuma ekis? Abin ci ne?"

"Harafi ne. In ya hau bango, bangon zai tashi."

"To sa mana. Hannunka ne ya shanye?"

"Akwai mutum a jikin bangon, Hajjo."

Tela ya tsayar da kekensa. Mai rake ya ajiye wuƙa. Malam Lawal ya ci gaba da tufka kamar da wani gari ake magana, sai dai ya miƙa hannu ya rage muryar rediyo.

Hajjo ta dubi sama, ta dubi gabas, ta dubi ko'ina ban da inda ɗanta yake. "Ni ban ga kowa ba. In ba ka sa ba fa?"

"A kore ni daga aiki. Kishiyarki ta ci me?"

"In ka sa?"

"Ta ce za ta dawo nan ta tare a ɗakinki, da yara biyu. Ƙaramin yana fitsarin kwance."

"A'uzubillahi! A ɗakina?" Ta buga sanda a ƙasa. "Kai, bari in gaya maka abin da ba ka sani ba, tunda idonka kullum a ƙasa yake. Bangon nan da ake ta jingina da shi, tun daminar bara ya tsage. Ƙadangaru ne suke riƙe da shi. Ko ba harafinka, ruwan farko zai kwantar da shi. Masu zama a jikinsa sun fi kowa sani. Tsagar suke rufewa da baya."

Aka yi wata irin dariya a ƙasa-ƙasa wajen tela. Malam ya yi gyaran murya, ya dubi rediyonsa, ya yi mata magana a hankali kamar mai ba ta shawara.

"Rushewa ba wuya. Ginawa ce aiki. Ga tsufa, ga tsada."

"Ka ji abin da rediyo ta ce," in ji Hajjo. "In an rushe, wa zai gina wani?"

"Ai hukuma ba ta biyan diyyar abin da ya shigo hanya, Hajjo."

"Na tambaye ka hukuma? Hukuma ce ta auri jikata?"

Nan Baƙo ya farga. Ya tuna tuwon da aka cinye a gabansa, ya tuna rigar nan a kan ƙusa, ya tuna "ina gajiya" da ba ta ƙarewa. Ashe duk zaman nan ba zauren ake tsaro ba, magini ake jira ya kawo kansa. Ya saci kallon surukinsa ta gefen ido, karo na farko tun zuwansa. Fuskar dattijon ba ta nuna komai ba, amma gemunsa yana ɗan rawa.

"Zan kwaɓa ƙasa," in ji Baƙo. "Ranar Asabar da Lahadi. Zan yi tubali, in ja da shi baya, bayan turaku."

Malam ya ce wa rediyo, "Azarar ciki duk gara ta ci."

"Rediyo ta ce da azara."

"Da azara."

"Indararo ma na da ya fashe," in ji Malam.

"Ka ji."

"Na ji. Da indararo."

"Zaure kuwa in ba daɓe..."

"Hajjo," in ji Baƙo, "don Allah a kashe rediyon nan, batir yana tsada."

Hajjo ta yi dariya har sai da ta dafa ƙofa. Malam Lawal ya naɗe igiyarsa a hankali, ya ɗauki buzu da rediyo, ya miƙe. Baƙo ya ɗauka ciki zai shiga. Sai ya matsa kamu uku kawai, ya sake shimfiɗa buzun, ya zauna, ya ci gaba da tufka. A inda bayansa ya tashi kuwa ga tsaga nan, hannun mutum zai shige.

Baƙo ya je ya ɗauko bokiti. Ya dawo ya tsaya, sai ya ga matsala. Ekis ɗinsa a tsaye yake zana shi, daidai kafaɗa, da faɗin hannu biyu, yadda direban katafila zai hango daga nesa. Amma ba zai yiwu ya tsaya ƙiƙam a kan surukinsa yana zaune ba, balle ya ɗaga hannu sama da kansa. Ya koma ya durƙusa. A durƙushen ya tsoma burushi, ya ce bismillahi, ya ja layi ɗaya, ya gicciya ɗayan, ɗan ƙarami, daidai gwiwar mutum.

Ranar dubawa Injiniya ya wuce zauren da mota, ya sa aka dawo da baya. Ya sauko, ya duba sama bai ga komai ba, sai da Helma ya nuna masa ƙasa. Ya sunkuya, hannu a gwiwa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Baƙo.

"Duk sauran manya ne a sama. Wannan me ya sa yake ƙasa?"

"Gaisuwa yake yi, ranka ya daɗe. Gidan surukai ne."

Injiniya ya dubi Helma, Helma ya dubi taya. Ya tambaya ko akwai dokar da ta faɗi tsawon da alama za ta kai, aka ce babu. Ya shiga mota yana girgiza kai. Wancan watan an sallami mutane, ba a sallami Baƙo ba.

Hajaratu kuwa ta cika maganarta, ta tafi gidansu, amma ranar Asabar da Lahadi kawai, kuma a bayan kekensa take zuwa. Ita ke kawo masa ruwan kwaɓi, tana tsaye tana gaya masa tubalinsa bai kai na maginin gaske ba. Duk ranin nan Baƙo yana cikin laka har gwiwa. Shi ya rushe tsohon zauren da hannunsa kafin katafila ta iso, shi ya ɗora azara, shi ya kafa indararo, ya yi daɓe har yana ɗaukar ido. Mutanen Masanawa suka ce tunda ake ba a taɓa ganin ma'aikacin rusau ya bar gini a bayansa ba sai shi.

Ranar da ya gama, yaɓe na ƙarshe ya bushe, ya wanke hannu, ya tuɓe takalma ya durƙusa. Malam Lawal ya fito da buzu da rediyo, ya zauna, ya jingina da sabon bango. Ya danna shi da baya, ya sake dannawa, ya lumshe ido.

"An gama lafiya? Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

"Madalla, tunda ba gajiya." Ya juya ya dubi rediyo. "Ɗakin tsohuwa ma yana yoyo."

Daga can cikin gida muryar Hajjo ta taso.

"Mijina! Kana nan, ko ka gudu?"